Yadda Jami'a Za Ta Yi Magana Ranar da Abu Ya Kwaɓe

Wani ɗan yayata da ya taso a Agege ya samu aiki a sashen yaɗa labarai na wata jami'a a nan Legas. Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci ya tare ni ya ce: "Kawu, an ce in rubuto tsarin abin da za mu yi idan rikici ya tashi, ni kuwa ban san ta inda zan fara ba." Na ce masa mu nemi inuwa tukuna, domin maganar ba ta tsaye ba ce. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in koma gefe, kuma abin da na zayyana masa a ranar shi ne na ga ya dace in rubuta, ko zai amfani wani: jami'in hulɗa da jama'a, ko shugaban ƙungiyar ɗaliban Arewa, ko malamin da aka wayi gari an ɗora masa kula da harkokin ɗalibai.

Rikicin da nake nufi shi ne duk abin da zai hana iyaye barci. Gobara a ɗakin kwanan ɗalibai, mutuwar ɗalibi, faɗan 'yan ƙungiyar asiri, zargin malami da neman ɗaliba, zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta, ko wani bidiyo da ya fita ba shiri. A irin wannan rana labari ba ya jiran kowa. Kowane ɗalibi yana riƙe da waya, kuma kafin shugaban jami'a ya sa takalmi hoton abin ya isa Kano da Sakkwato. Aikinka ɗaya ne: ka isar da gaskiya da wuri, ta bakin da mutane suka yarda da shi, kuma wanda abin ya fi shafa shi ne zai fara ji.

Mataki na farko: shiri tun ana zaman lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin aikin nan ana yin sa ne a ranakun da babu abin da ya faru, lokacin da kowa a ofis yake ganin ba ka da aikin yi.

Ka fara da kafa ƙaramin kwamiti, kada ya wuce mutum 7 ko 8: shugaban jami'a ko mataimakinsa, magatakarda, shugaban sashen harkokin ɗalibai, babban jami'in tsaro, babban likitan asibitin makaranta, lauyan jami'a, sai kai. Kowa a sa masa na-baya wanda zai tsaya masa idan ba ya nan. Wannan a Legas ba ƙawa ba ce. Mutum yana iya maƙalewa a gadar Third Mainland ko hanyar Badagry na tsawon awanni, alhali wuta tana ci. Saboda haka a yarda tun yanzu cewa taron farko ta waya za a yi shi, kowa daga inda yake, ba sai an hallara a ɗakin taro an kawo ruwa da biskit ba.

Sai jerin lambobin waya. Ka buga shi a takarda, ka ajiye ɗaya a ofis, ɗaya a mota, ɗaya a gida, domin ranar da kake nemansa ita ce ranar da cajinka zai ƙare kuma ba wuta. A ciki a samu lambobin gaggawa na jihar Legas, 112 da 767, da hukumar agajin gaggawa ta jihar, LASEMA, da 'yan kwana-kwana mafi kusa, da baturen 'yan sandan yankinku, da asibitin da kuke kai marasa lafiya, da 'yan jaridar da ke bin labaran ilimi.

Ga wani abu da ake rainawa: wa ke riƙe da kalmomin sirri na shafukan jami'a? Na taɓa cin wannan kashi. A inda na yi aiki, wani dare abu ya taso, na rubuta sanarwa, aka amince da ita, sai muka gano cewa wanda ya buɗe mana shafin Facebook wani ɗan bautar ƙasa ne da ya gama ya koma garinsu tun watanni. Muka kwana muna nemansa, jita-jita kuwa tana ta yawo. Tun daga ranar na sa doka: mutum biyu na dindindin su san kalmomin, a kuma rubuta su a rufe a ofishin magatakarda. Kada kuma ka dogara da kafa ɗaya. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya; wanda bakinsa can kaɗai yake, sai ya zama bebe. Ka tanadi shafin jami'a na intanet, da saƙon tes zuwa wayoyin ɗalibai da iyaye, da zaurukan WhatsApp na wakilan aji, da allon sanarwa na ƙofar shiga, da rediyon makaranta in akwai, kamar yadda Jami'ar Legas take da tata a mita 103.1.

Na ƙarshe a wannan mataki, kuma a ganina shi ya fi duka tsada, shi ne sanin maƙwabta. Jami'o'in Legas ba a daji suke ba. Kwalejin koyon likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwarta, LUTH, a Idi-Araba suke, tsakiyar tsohuwar unguwar Hausawa. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo tana dab da kasuwar Alaba Rago. Masu shayi, da masu gadi, da masu tura ruwa, da masu gyaran takalmi da ke bakin ƙofofin makarantun nan, da yawansu 'yan uwanmu ne, kuma su ne ke fara ganin abu su fara ba da labarinsa. Ka je ka gaida sarkin Hausawan yankin da limamin Juma'a da shugabannin kasuwa, haka nan ka je wa basaraken Yarbawa na unguwar da shugabannin coci. Ka san shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da na ƙungiyoyin Kirista da sunayensu. Wanda bai taɓa ganin fuskarka ba sai ranar tashin hankali, ba zai ɗauki wayarka da ƙarfe biyun dare ba, in ma ya ɗauka ba zai gaskata ka ba.

Mataki na biyu: awar farko

A ce ƙarfe 11 na dare aka kira ka, gobara ta tashi a ɗakin kwanan mata. Tambayarka ta farko ita ce: an kira 'yan kwana-kwana? An fitar da yara? An kai waɗanda suka ji ciwo asibiti? Sai an amsa waɗannan sannan a zo maganar sanarwa. Jami'in da ya fara tunanin sunan makaranta kafin ran ɗalibi zai rasa duka biyun.

Daga nan ka tura mutum ɗaya da ka amince da shi ya je ya gani da idonsa, in ba za ka iya zuwa da kanka ba. Gani ya kori ji. Ka ɗauki takarda ka raba ta uku. A gida na farko ka rubuta abin da aka tabbatar, da sunan wanda ya tabbatar da shi, da lokaci. A na biyu abin da ake faɗa amma ba a tabbatar ba. A na uku abin da jami'a take yi yanzu. Sanarwarka daga gida na farko da na uku za ta fito. Gida na biyu naka ne kai kaɗai, don ka san abin da za ka bincika.

Cikin awa ɗaya, ko ƙasa da haka, a fitar da gajeriyar sanarwa. Ga irin yadda nake tsara ta:

"Da misalin ƙarfe 10:40 na daren yau gobara ta tashi a ɗaya daga cikin ɗakunan kwanan ɗalibai mata. 'Yan kwana-kwana suna wurin, an kuma kwashe ɗalibai zuwa babban ɗakin taro. An kai wasu asibiti, muna tuntuɓar iyayensu kai tsaye. Ba mu san musabbabin wutar ba tukuna. Iyaye za su iya kiran lambar da ke ƙasa. Za mu sake yin bayani da ƙarfe 1 na dare."

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu adadin waɗanda suka jikkata, domin adadi a awar farko kusan kullum canzawa yake, kuma in ka ce 3 daga baya ya zama 9, za a ce ɓoyewa ka yi. Babu suna. Babu ɗora laifi a kan wutar lantarki ko risho na wata ɗaliba. Babu kuma jimlar nan da shugabanni ke ƙauna, wai "an shawo kan lamarin". Kada ka rubuta ta sai ka ga toka ta huce. Ka kuma lura da jimlar ƙarshe, wadda ta sa lokaci. Ita ce ginshiƙin sanarwar. In ka ce ƙarfe 1, to ƙarfe 1 ka dawo, ko da abin da za ka ce shi ne babu sabon bayani, sai ƙarfe 6 na safe. Mutane suna iya haƙuri da rashin cikakken labari. Abin da ke fusata su shi ne a bar su cikin duhu ba su san yaushe za a waiwaye su ba.

Matsalar da za ka fuskanta ita ce sa hannu. A jami'a takarda tana son zagaye ofis biyar kafin ta fita. Maganin wannan shi ne tun a mataki na farko ka rubuta samfurin irin waɗannan sanarwoyi, na gobara, na mutuwa, na zanga-zanga, na ɓarkewar cuta, shugaba da lauya su duba su amince, a bar gurbin wuri da lokaci. Ranar da abu ya faru, cike gurbi kawai za ka yi ka karanta wa shugaba ta waya.

Mataki na uku: wa zai fara ji

A nan ne na fi ganin ana tafka kuskuren da ba ya gyaruwa. Tsarin shi ne: iyalan wanda abin ya shafa, sai ɗalibai da ma'aikata, sai hukumomin da ke sama da ku, sannan 'yan jarida. Tazarar tana iya zama ta mintuna, amma kada a juya ta.

Idan rasuwa ce, babba ne zai kira gida, mutum mai furfura da ya san yadda ake faɗin mutuwa. In iyalan Hausawa ne, a nemi wanda zai yi musu magana da Hausa, kuma a bi ta hanyar da muka sani: a nemi kawu ko wa ko limamin unguwa ya je ya sanar da uwa, maimakon a faɗa mata ta waya tana zaune ita kaɗai. Sai dai a yi sauri. Babu baƙin cikin da ya kai uba ya ga hoton gawar ɗansa a WhatsApp kafin makaranta ta kira shi, kuma ba ta'aziyyar da za ta goge wannan.

Akwai wani abu na Legas da dole ka sani. Jihar tana da dokar binciken musabbabin mutuwa ta 2007, wadda ta tanadi a kai rahoton mutuwar farat ɗaya ko mai alamar tambaya ga hukuma, kuma ana iya buƙatar likita ya binciki gawa kafin a saki. Mu kuwa a al'adarmu da addininmu ba a jinkirta jana'iza, kuma zuciya ba ta son a taɓa mamaci. In ba a yi wa iyali bayani ba, za su ɗauka jami'a ce ta riƙe gawa don ta ɓoye wani abu, daga nan magana ta canza launi. Ka zaunar da wakilan iyali tare da limami da likita, a faɗa musu abin da doka ta ce, da wanda ke da ikon sakin gawa, da abin da jami'a za ta yi don a hanzarta. A haɗa su da ma'aikaci ɗaya da zai bi su ofis-ofis, a ɗauki nauyin masaukinsu da motar da za ta kai gawa gida in can za a kai. Ba a sa irin wannan a jarida, amma shi ne abin da za a riƙa faɗa a garinsu shekara da shekaru idan an ambaci sunan makarantar.

Ma'aikata kuma kada a manta da ƙananansu. Mai gadin ƙofa da direban shugaba da mai shara su ne ɗan jarida zai fara tambaya. A ba su jimla biyu da za su faɗa, da lambar da za su miƙa wa mai tambaya.

Mataki na huɗu: baki ɗaya

A zaɓi kakaki ɗaya. Ga ƙananan abubuwa kai ne. Idan an rasa rai ko mutuncin makaranta gaba ɗaya yana kan siraɗi, shugaban jami'a ne da kansa zai fito, domin a irin wannan lokaci turo wakili raini ne.

Wanda yake son ganin illar baki biyu ya tuna watan Agustan 2020 a Akoka, unguwar da Jami'ar Legas take. Majalisar gudanarwar Jami'ar Legas ƙarƙashin Wale Babalakin ta yi zama a Abuja ta sanar da tsige shugaban jami'ar, Farfesa Oluwatoyin Ogundipe. Shi kuma ya ce yana nan daram, majalisar malamai da ƙungiyoyin ma'aikata suka mara masa baya. Sanarwoyi suka riƙa fitowa daga ɓangarori biyu, kowacce da sunan jami'a. Sai da gwamnatin tarayya ta sa baki ta kafa kwamitin bincike, Farfesa Folasade Ogunsola ta riƙe kujerar na wucin gadi, aka mayar da Ogundipe a watan Nuwamba. Ba shari'ar wanda ke da gaskiya nake yi ba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne halin da jami'in yaɗa labarai zai shiga idan manya suka raba gari. A irin wannan yanayi ka taƙaita bakinka ga abin da ya shafi ɗalibi: akwai lakca gobe ko babu, jarrabawa tana nan ko an ɗage, ɗakin kwana a buɗe yake ko a rufe. Duk umarnin da aka ba ka na fitar da sanarwa, ka nemi a rubuce. Manya za su shirya wata rana, kai ne za a bari da takardar da ka sa wa hannu.

Mataki na biyar: bin sawun jita-jita, da harshen da take yawo

Yawancin jami'o'in Legas da Turanci suke fitar da sanarwa, su aika wa Punch da Vanguard da Guardian da Channels, su ɗauka an gama. Amma mahaifiyar ɗalibar da ke Funtuwa ko Azare ba nan take samun labari ba. Saƙon murya take ji a WhatsApp, wanda wani mai shago a Mile 12 ya tura wa ƙaninsa, shi ma ji ya yi a wurin wani. Kafin saƙon ya wuce Ilori, gobara ta zama hari, mutum biyu da suka ji ciwo sun zama gawa ashirin.

Saboda haka duk sanarwar da ta fita, a fassara ta nan take zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, gwargwadon ɗaliban da kuke da su. A kuma naɗe ta da murya, minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Mai magana ya fara da sallama, ya faɗi sunansa da muƙaminsa da ranar da yake magana da lokaci, domin tsohon saƙo yana dawowa bayan shekara a ɗauka sabo ne. A tura wa shugabannin ɗalibai da sarkin Hausawa da limamai su watsa. A aika wa kafafen da mutanenmu ke saurare: BBC Hausa, DW, da RFI wadda sashenta na Hausa a nan Legas yake da ofis, da jaridar Aminiya. Fassarar kuma a ba wanda ya iya, ba duk mai jin Hausar kasuwa ba. Kalma ɗaya, tsakanin "ya jikkata" da "ya rasu", ta isa ta tada gari.

Mun ga ƙarfin jita-jita a 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo ta Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka yi ta tashin 'yan uwansu da asuba, har wasu suka kwanta asibiti. Waɗanda suka yaɗa shi ba mugaye ba ne, masu ƙaunar 'yan uwansu ne. Haka jita-jitar makaranta take, tsoro ne ke tura ta, shi ya sa zagin masu yaɗa ta ba ya kashe ta.

Ka sa mutum biyu su zauna ba abin da suke yi sai karanta abin da ake faɗa a X (tsohon Twitter) da Facebook da TikTok da zaurukan ɗalibai, suna rubuta maka duk rabin awa. Ba kowace ƙarya ake amsawa ba. Wata in ka tanka mata ka ba ta ƙafa. Wadda ba a bari ta kwana ita ce mai iya jawo asarar rai, musamman wadda ta shafa wa abu fentin ƙabila ko addini. Faɗan ɗalibai biyu a kan caja, in aka ce "an kashe Bahaushe" ko "Hausawa sun kashe ɗalibi", ya tashi daga hannun jami'a ya koma titi. Wanda ya ga abin da ya faru a Idi-Araba a Fabrairun 2002, ko Mile 12 a Maris ɗin 2016, ya san ƙaramar husuma ce ke zama gagarumar fitina a garin nan. Don haka kada sanarwarka ta ambaci ƙabila ko addinin kowa. Idan kuma jita-jitar ta riga ta ɗauki wannan salo, ka kira shugabannin al'ummomin biyu su zo su gani da idonsu, su fito tare su yi magana. Muryarsu a ranar ta fi taka nauyi. Wajen ƙaryatawa kuma ka fara da gaskiyar, kada ka maimaita ƙaryar a kanun sanarwa, domin mai saurin karatu ita zai riƙe.

Mataki na shida: 'yan jarida

Wannan ba shi da wuya in ka riƙe abu kaɗan. Ka ɗauki waya. Jimlar da ta fi cutar da makaranta a jarida ita ce "duk ƙoƙarin jin ta bakin kakakin ya ci tura". In ba ka da amsa, ka ce za ka bincika ka kira kafin lokaci kaza, ka tambayi ɗan jaridar yaushe zai miƙa labarinsa, ka kuma cika alkawari. Kada ka ce wani abu "tsakaninmu" wanda ba za ka so ka gan shi a shafin farko ba. Magana zarar bunu ce.

Kafin taron manema labarai ka zaunar da shugaba ka yi masa tambayoyi biyar mafi zafi da kake tsoron a yi masa, har sai amsarsa ta daina rawa. Ya fara da jaje kafin bayani. Ambulan ɗin kuɗi da ake miƙa wa ɗan jarida kuwa, wanda wasu ke ganin shi ne maganin komai, ba ya binne labari a zamanin da kowane ɗalibi gidan jarida ne. Abin da yake yi shi ne ya ƙara labari na biyu a kan na farko. In jami'ar gwamnati ce, ka tuna dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku kwana 7 ku amsa buƙatar da aka rubuto. Abin da za a iya tilasta muku fitarwa gobe, gara ku fitar da shi yau da hannunku.

Mataki na bakwai: idan laifin na gida ne

A Oktoban 2019 sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da rahoton da aka naɗa a ɓoye kan malaman da ke neman ɗalibai mata, ciki har da na Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Hukumar Jami'ar Legas ba ta tsaya gardama ba. Ta dakatar da malamin da aka nuna, ta rufe wani ɗaki a kulob ɗin ma'aikata da aka ambata a rahoton, ta kafa kwamitin bincike. Abin ya yi wa sunan jami'ar tabo, amma da ta tsaya cewa maƙiya ne ke son ɓata mata suna, da tabon ya zama gyambo.

Tsarin a irin wannan hali shi ne: a raba wanda ake zargi da wurin da zai iya cutar da mai ƙorafi ko ya taɓa hujja, a bayyana cewa dakatarwa ba hukunci ba ce, a faɗi wanda zai yi bincike da wa'adinsa, a buɗe hanyar da wasu za su kawo ƙorafi ba tare da tsoro ba. A kare sunan mai ƙorafi kamar ƙwayar ido. Bayanan lafiyar ɗalibi da sakamakon jarrabawarsa ba makamin kare kai ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hana wasa da su. Lauya zai ce kada a nemi gafara don kada a kafa hujja da ita a kotu. Ka saurare shi, aikinsa ke nan, amma akwai tazara mai faɗi tsakanin amsa laifi a shari'a da cewa "abin da ya samu wannan yarinya bai kamata ya samu kowa a makarantarmu ba". Na biyun ba ya buƙatar izinin alƙali. Jarabar da za ka yaƙa kuma ita ce ta farautar ɗalibin da ya fitar da bidiyo, a kore shi ko a haɗa shi da 'yan sanda. Ranar da kuka yi haka, labarin ya tashi daga kan malami ɗaya ya koma kan jami'a tana danne gaskiya.

Wani rikicin ma da hannu ake ƙirƙiro shi, ta hanyar yanke hukunci a sanar ba tare da shawara ba. Ranar 29 ga Mayun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar a jawabinsa cewa an sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola. Ɗalibai suka fantsama titi har suka tare gadar Third Mainland, aka rufe makarantar, tsofaffin ɗalibai suka tafi kotu, kuma har yau sunan da aka sa mata a 1962 shi take amsawa. A 2023 ma ƙarin kuɗin makaranta ya jawo zanga-zanga a Akoka, daga baya aka zauna da wakilan ɗalibai aka rage. Zaman da aka yi a ƙarshe, da shi aka fara da an huta. In kana cikin ɗakin da ake yanke irin wannan hukunci, aikinka ne ka ɗaga hannu ka tambaya: wa aka tuntuɓa, kuma me za mu ce wa uban da ke da 'ya'ya uku a nan?

Haka batun rufe makaranta. An saba a ce kowa ya bar ɗakin kwana kafin ƙarfe kaza na gobe. Ɗan Surulere zai hau danfo ya isa gida kafin azahar. Ɗan Kano yana da tafiyar kusan kilomita 1,000 a gabansa, ɗan Maiduguri fiye da haka, kuma wataƙila ba kuɗin mota a aljihunsa. Kafin sanarwar ta fita ka tabbatar an sa sakin layi a kan 'yan nesa: inda za su kwana, da wanda za su gani, da kwana nawa aka ƙara musu. In ba haka ba, hoton da zai yi yawo gobe shi ne na 'yan mata da akwatuna a bakin titi da daddare.

Mataki na takwas: bayan ƙura ta lafa

Tun daga kiran farko ya kamata a ce wani yana rubuta komai a littafi: wa ya kira, ƙarfe nawa, me aka yanke, me aka fitar. Cikin mako biyu kwamiti ya zauna da littafin a gaba, a bi shi layi-layi, a ga inda aka makara da dalili. A gayyaci wakilan ɗalibai, domin su suka san abin da aka riƙa faɗa a ɗakunan kwana.

Sai ka jero duk alkawarin da aka yi a bainar jama'a, kowanne da sunan mai cika shi da rana. An ce za a gyara wayoyin wuta, an ce za a biya kuɗin asibiti, an ce kwamiti zai ba da rahoto cikin mako huɗu. Ka riƙa bin su kamar mai bin bashi, wanda aka cika ka sanar, wanda aka kasa ka faɗi dalili. Rahoton kwamiti, ko taƙaitaccensa ne, a fitar da shi. Mutanenmu sun riga sun ɗauka cewa kafa kwamiti wata hanya ce ta binne magana, kuma fitar da sakamako ne kaɗai ke canza wannan zato. Kada a yi gaggawar cika shafukan jami'a da hotunan bikin karramawa alhali wata uwa ba ta gama karɓar gaisuwa ba. A tura wakilai gidan mamaci, ko a Katsina yake. A koma wurin sarki da limami da basaraken unguwa a yi musu godiya, a faɗa musu yadda aka ƙare.

Daga nan ka ciro jerin lambobin nan ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar an canza baturen 'yan sanda, shugaban ɗalibai ya gama, likita ya yi ritaya. Ɗan yayata da ya gwada kiran lambobin da ya gada a ofis, ya dawo ya ce min: "Kawu, kusan rabi ba sa shiga." Na ce ya fara daga nan, ranar Litinin.